Gishiri a Gindin Waken Suya: Waiwaye daga Inkil

A ƙarshen Yulin wata damina da ba ta daɗe da wucewa ba, na tsuguna a bakin gonar kawuna a Inkil, gabas da birnin Bauchi a kan hanyar Gombe, ina kallonsa yana tuge waken suya. Ba girbi ne ya zo ba, waken ko fure bai gama yi ba. Abin da ya dame shi shi ne, kunyoyin gabas sun yi kore shar, sun rufe ƙasa, na yamma kuwa sun fito ɗaya nan ɗaya can, waɗanda suka rayu ma sun koɗe sun yi ɗorawa-ɗorawa kamar mai shawara. Iri ɗaya ne, rana ɗaya aka shuka.

Na ce masa ya bar tugewa da hannu, abin da muke nema yakan tsinke ya zauna a ƙasa. Muka sa fartanya muka haƙo gindi biyu da ƙasarsu, muka wanke da ruwan buta. Saiwar na gabas cike take da 'yan gudaji, wasu kamar ƙwayar dawa, wasu sun kusa ƙwayar wake, sun taru a wuyan saiwar kamar tsakiya a wuyan amarya. Na murƙushe guda da farce, cikinsa ja-ja kamar ɗanyen nama. Ta yamma kuwa fayau take, gajera, bakinta ya yi baƙi kamar an ɗana mata wuta.

Na ce, "Kawu, wa ya shuka wannan gefen?"

Ya ce, "Yaran nan ne. Na ba su kamfa su zuba, sai suka riƙa haɗa shi da irin a rami guda, wai don a gama da wuri."

Na ce, "To ai gishiri suka ba shi."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Gishiri kuma? A Inkil? Ɗana, nan fa ba Manga ba ce."

Yana da gaskiyarsa. Inkil, inda Malam Yakubu ya fara zama bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, kafin ya kafa birnin Bauchi a 1809, kuma har yau ɗaya daga ƙofofin ganuwar birnin da sunanta ake kiranta, ba ƙasar gishiri ba ce. Ƙasarta daga ruɓewar duwatsun da suka kewaye Bauchi ta samu, yashi ya fi yawa a cikinta, kuma ruwan da ke sauka a shekara, wajen milimita 1,000, ya isa ya wanke duk wani gishiri ya nutsar da shi. Mutanen nan sun san gishiri a matsayin hajar fatake: na Bilma, mangul na Manga, kanwar Borno da ake jiƙa wa shanu. Ba su san shi a matsayin ciwon gona ba. Amma kafin a gane inda kawu ya kuskure, sai an koma baya an ga yadda aka yi har waɗannan gudaji suka fara fitowa a saiwar waken suya a ƙasarmu, don ba da sauƙi aka same su ba.

Kakanninmu ba su jira kowa ya gaya musu cewa wake yana gyara gona ba. Sun ga inda aka yi gyaɗa bara, dawa takan yi kyau bana, shi ya sa suke gicciya gero da wake. Dalilin ne ba su sani ba, kuma Turawa ma ba su san shi ba sai 1886, lokacin da wani Bajamushe mai suna Hellriegel, da abokin aikinsa Wilfarth, suka nuna cewa dangin wake suna samun sinadarin naitirojin daga iska ne ta hanyar waɗannan gudaji. Bayan shekara biyu, a 1888, Beijerinck na ƙasar Holan ya ware ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a ciki, waɗanda yanzu ake kira rizobiya. Kafin ƙarni ya ƙare, a 1896, har an fara sayar da su a kwalba a Jamus da sunan Nitragin. Jan nan da na nuna wa kawu kuwa, wani Bajapane mai suna Kubo ne ya gano a 1939, a gudajin waken suya, cewa ɗan'uwan sinadarin da ke sa jininmu ja ne.

Cinikin da ke tsakanin shukar da ƙwayoyin mai sauƙin faɗa ne. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, abin da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun yuriya, amma shuka ba ta iya cinsa yadda yake a iska. Ƙwayoyin su suke iya sarrafa shi. Sai shukar ta gina musu ɗaki a saiwarta, ta ciyar da su da sukarin da ganyenta ya dafa, su kuma su biya haya da taki. Waken suya ya fi sauran danginsa bukatar wannan ciniki, don kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙwayarsa sinadarin gina jiki ne, kuma da naitirojin ake gina shi.

To amma waken suya baƙo ne, asalinsa ƙasar Sin, kuma baƙo ne mai zaɓen abokin zama. A 1908, shekarar da waken Manchuriya ya fara shiga masana'antun mai na Ingila da yawa, Turawan mulki suka kawo shi Nijeriya don su gwada ko za su samu wata majiyar man girki da ta sabulu kusa da gida. Gwajin farko a gonar gwamnati ta Moor a Ibadan bai yi nasara ba. Matsala biyu suka daɗe suna bin wannan wake a ƙasashe masu zafi: irin yakan mutu a ajiya kafin damina ta zagayo, in ya tsira kuma saiwarsa ba ta samun ƙwayoyin da ta saba da su a ƙasarmu. A 1928 aka sake gwada shi a Samaru ta Zariya, ya ɗan karɓa. Sai a 1937 aka samu irin da ake kira Malayan, wanda ya yarda ya zauna da ƙwayoyin gida, ya kuma samu karɓuwa a ƙasar Tibi ta Binuwai. A 1947 aka fara fitar da shi waje. Shekaru da dama bayan nan, waken suya amfanin Tibi ne da hukumar sayen amfanin gona. Mutanen kudancin Zariya sun iya yin daddawa da shi, amma a yawancin ƙasar Hausa ba a ma san kamanninsa ba. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya karya cinikin nasa na waje.

Juyin ya zo daga Ibadan, inda abin ya fara faɗuwa. Cibiyar binciken noma ta IITA, wadda aka kafa a 1967, ta shiga aikin waken suya a shekarun 1970, kuma masananta suka tsaya a mararraba. Hanya ɗaya ita ce ta Amurka da Birazil: a kawo iri mai yawan yabanya, a shafa masa ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaji kafin shuka. Birazil ta bi wannan hanya har ta zama gagarabadau a noman waken suya ba tare da zuba masa takin naitirojin ba. Amma wa zai kai ƙunshin ƙwayoyi masu rai, waɗanda zafi ke kashewa, zuwa ƙauyen da ko mota ba ta shiga da damina? Sai suka ɗauki hanya ta biyu: suka aurar da irin Amurka da irin Asiya marasa zaɓe, suka fitar da zuri'ar da ake kira TGx, wadda ke ƙulla gudaji da ƙwayoyin da suka daɗe a ƙasarmu suna zama da wake da gyaɗa. A ganina, cikin duk abin da masana noma suka yi wa talakan arewa a rabin ƙarnin nan, kaɗan ne suka kai wannan amfani, kuma kaɗan ne aka yi shiru a kansu kamarsa. TGx 1448-2E, da aka saki a 1992, ya daɗe yana cika gonakin Kaduna da Kano.

Sauran aikin yunwa da kasuwa suka yi shi. Bayan matsin tattalin arziki na 1986, nama da madara suka fi ƙarfin talaka, masu kiwon kaji suka shiga neman dusar waken, mata kuma suka koyi tace shi su zuba ruwan tsami su soya. Yau yaron Bauchi da ke sayen awara a bakin makaranta, da yajinta da kabejinta, zai rantse abincin kakanninsa ne. A 2009 shirin N2Africa ya dawo da waccan hanya ta farko, aka fara raba ƙwayoyi a ƙunshi, daga baya IITA ta buɗe masana'antar yin su a Ibadan da sunan NoduMax.

Wato kusan shekara ɗari aka yi ana lallashin wannan saiwa kafin ta saki jiki ta riƙa ƙulla gudaji a gonakinmu. Shi ya sa ya kamata a san abin da ke iya warware aikin cikin kwana uku.

Binciken gishiri ba a nan aka fara shi ba, don ba mu ne muka fara jin zafinsa ba. Amurka ta buɗe ɗakin binciken gishirin ƙasa a Riverside ta Kalifoniya tun 1937, saboda gonakin ban-ruwa na yammacin ƙasar sun fara yin fari. A can ne a 1966 Bernstein da Ogata suka gwada waken suya da hanyar ciyarwa iri biyu a ƙasa mai gishiri: wanda aka ba takin naitirojin, da wanda aka bari ya dogara da gudajinsa. Na biyun ya fi shan wahala nesa ba kusa ba. Wannan ya nuna ba shukar kaɗai gishirin ke duka ba, akwai wani wuri mafi rauni. A 1969 wani masani mai suna Abel ya gano cewa irin waken suya sun kasu biyu: masu tare sinadarin kuloraid na gishiri a saiwa su hana shi hawa ganye, kamar irin da ake kira Lee, da masu barinsa ya wuce har gefen ganye ya ƙone, kamar Jackson, kuma ƙwayar gado guda ce ke raba su.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na 1984, wanda Singleton da Bohlool suka yi a Hawai. Sun raba saiwar shuka guda gida biyu, kowane rabi a mazubinsa, yadda za su iya sa gishiri a gefe ɗaya su bar ɗayan. Da gishiri wajen giram ɗaya da rabi a lita, gudaji suka ragu da kusan rabi. Da aka ninka shi, fiye da kashi 90 cikin ɗari suka ɓace. Mai karatu ya auna: giram ɗaya da rabi a lita kamar kwatan ƙaramin cokalin shayi ne a cikin ruwan leda biyu. Ruwan teku ya ninka wannan fiye da sau ashirin. Miyar da aka sa wa wannan gishirin, maigida sai ya ce lami ce. Abin da ya fi ɗaure kai, ƙwayoyin ba su mutu ba, suna nan manne a jikin saiwar, kuma nauyin ganye da kara bai ragu ba a lokacin gwajin. Naitirojin ɗin cikin ganyen ne ya yi ƙasa warwas. Daga sama lafiya lau, daga ƙasa an rufe masana'anta.

Dalilin yana cikin yadda ake ƙulla gudan tun farko. Saiwa ce ke fara sallama, ta tsiyayar da wani sinadari cikin ƙasa. Ƙwayoyin su amsa da nasu. Da jin amsar, sai ɗan siririn gashin saiwar, wanda ido ba ya gani sosai, ya lanƙwashe kamar kan sandar makiyayi ya rungume ƙwayar, sannan a huda wata 'yar hanya kamar zare ta shige ciki, naman saiwar ya fara kumbura ya zama ɗaki. Duk wannan a 'yan kwanakin farko bayan tsiro yake faruwa. Gishiri yana janye ruwa daga gashin nan, kamar yadda yake janye ruwan yankakken tumatir in an barbaɗa masa, sai gashin ya yanƙwane, ya ƙi lanƙwasa, zaren ya tsaya a hanya. In kuwa gudan ya riga ya ƙullu kafin gishirin ya zo, wata wahalar ce daban. Aikin cikinsa yana bukatar iskar shaƙa daidai gwargwado: in ta yi yawa ta lalata sinadarin da ke kama naitirojin, in ta yi kaɗan ƙwayoyin su shaƙe. Jan sinadarin nan shi ke raba ta a hankali. Gishiri yana ƙara toshe hanyar iskar, yana rage sukarin da ke isowa, sai jan ya koma kore ko ruwan ƙasa, gudan ya tsufa tun lokacinsa bai yi ba. Ƙwayar rizobiya ita kaɗai tana jure gishiri fiye da shukar. Shukar kuma tana jurewa fiye da zaman da ke tsakaninsu. Amanar ce ke fara karyewa.

A 2014 ƙungiyoyin masana biyu, ɗaya ta Sin da Ostireliya, ɗaya ta Hong Kong, suka gano ainihin ƙwayar gadon da Abel ya hango shekara 45 kafin nan, wadda ake kira GmSALT3, kuma yanzu masu kiwon iri suna iya bin sawunta. A Sin ɗin dai tun 1982 aka bayyana wasu ƙwayoyin rizobiya na waken suya masu saurin girma, waɗanda su suka fi yawa a ƙasa mai kanwa. Wannan labari ne mai daɗi ga mai gona a bakin Rawayan Kogi na ƙasar Sin. Ga kawu, wanda ke sayen irinsa mudu-mudu a kasuwa ba tare da sanin sunansa ba, sai dai a ce Allah ya kawo.

Ta ina to gishiri zai shigo Inkil? Ta ƙofa biyu, kuma dukansu mu muka buɗe su da hannunmu, da kyakkyawar niyya.

Ta farko buhu ce. Tun daga shirin ciyar da ƙasa na 1976, da juyin noma na Shagari a 1980, da aikin raya noma na jihar Bauchi da ya biyo bayan na Gombe a farkon shekarun 1980, an yi shekaru ana koya wa manomi cewa noma shi ne takin zamani. Ba ƙarya aka yi masa ba, masara ba ta yi sai da shi. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne takin zamani gishiri ne a ilmance. Duk wanda ya taɓa ɗibar kamfa da hannu mai tsaga ya ji raɗaɗinsa, duk wanda ya ajiye buhunsa a ɗaki da damina ya ga yadda yake tsotsar laima ya jiƙe. Sinadarin fotash da ke cikin yawancin kamfa ma kuloraid ne ke ɗauke da shi, wanda Abel ya yi magana a kai. In aka watsa shi a faɗin gona ruwa ya sauka, ba komai. In aka cusa shi a rami guda da iri, musamman a ƙasa mai yashi, aka kuma samu ɗan fashin ruwa bayan shuka, to ɗan wurin nan da bai fi tafin hannu ba ya zama Manga ta kwana kaɗan, kuma kwanakin nan su ne na sallamar saiwa da ƙwayoyi. Ƙari a kan haka, shukar da ta ga naitirojin a banza a gindinta ba ta damuwa ta gina wa kowa ɗaki. Ta yi kore na 'yan makonni, takin ya ƙare ko ruwa ya wanke shi, ta tashi babu tsuntsu babu tarko. Abin da ya sami kunyoyin yamma ke nan. Abin takaicin, an kashe kuɗi ne aka sayi asarar. Waken suya sufa ya fi so, don fosfaras ne abincin gudaji, kuma sufa ba shi da zafin gishiri kamar sauran. Ko shi ɗin ma a gefe ake sa shi, tazarar yatsu uku daga irin.

Ƙofa ta biyu ita ce ta rani, kuma ita ta fi ba ni tsoro don ba a rufe ta da sauƙi. Duk ruwan rijiya ko na kogi yana ɗauke da ɗan gishiri. Da damina sama ke wankewa. Da rani kuwa, a zuba ruwa, rana ta shanye, gishirin ya zauna, gobe a ƙara. An ga wannan a manyan ayyukan ban-ruwan arewa: a Kadawa, da ke shan ruwan madatsar Tiga ta 1974, da Bakolori ta kusa da Talatar Mafara, wadda aka gama a 1978, akwai filayen da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso saboda magudanan sun toshe, ƙasa ta fara fitar da farin ɓawo kamar an barbaɗa kanwa. Shirin Fadama da aka fara a farkon shekarun 1990 ya baza 'yan rijiyoyin burtsatse da injinan ban-ruwa a faɗin arewa, Bauchi na ciki, kuma alheri ne babba. Amma injin yana zuwa da tiyo, ba ya zuwa da magudana. A gefen birni kamar Inkil, inda gidaje ke cinye gonaki shekara bayan shekara, akwai ƙarin ruwan kwata mai ɗauke da sabulu da garin wanki, wanda wasu masu lambu ke ja don arha. Manomin da ya yi albasa da tumatir a irin wannan fili duk rani, ya zo da ruwan farko ya shuka waken suya don ya huta da sayen taki, yana iya tarar da cewa abin da ya dogara da shi bai ƙullu ba. Da ya jira an yi ruwa biyu ko uku masu ƙarfi sun wanke ƙasar, da labarin ya canja.

Ban ce gishiri ne babban ciwon waken suya a Bauchi ba. Ƙarancin fosfaras, da mataccen iri, da tsatsar ganye, da fashewar kwanso kafin a girbe, duk sun riga shi a layi. Na dai ware shi ne don shi ne wanda ba ya nuna kansa da wuri, kuma in ganye ya koɗe, abin da kowa zai ce shi ne a ƙara yuriya.

Kawu bai ce ya yarda da ni ba, ba halinsa ba ne. Amma da damina ta zagayo na ga ya raba aikin: yara suna gaba da iri, shi yana baya da kwanon sufa.

Wanda ya shuka waken suya bana, in ya kai mako biyar zuwa shida, ya ɗauki fartanya ya haƙo gindi biyar daga wurare daban-daban, ya wanke. Gudan gaskiya yana gefen saiwa ne, in an murza shi sai ya ɓalle. In saiwar ce da kanta ta kumbura, wannan tsutsar ƙasa ce, wani ciwon ne. Ya fasa guda goma da farce. In cikinsu ja ne, ya bar kuɗin yuriyarsa a aljihu. In babu su, ko sun yi kore, ya tuna me ya zuba a ramin, da wane ruwa filin ya sha da rani, sannan ya kai saiwar wa malamin gona a hannu.